Awo Kafin Magani: Gaskiya da Ruɗi a Kasuwar Gwajin Lafiya ta Ikara, Maƙarfi da Kudan

Sana'ar maganin gargajiya a arewacin Jihar Kaduna ta shiga sabon zango. A da, mai magani yakan saurari koken majinyaci, ya dubi idonsa da tafin hannunsa, ya tambayi launin fitsarinsa, sannan ya ɗauko sassaƙe ko saiwa. A yau kuwa, daga shagunan da ake kira Islamik kemis, zuwa motocin da ke zagaya kasuwanni da lasifika, har zuwa wakilan kamfanonin da ke tallar ƙwayoyin ƙarin kuzari na ƙasashen waje, kalmar da ta fi tashe ita ce “gwaji”. Ana gayyatar mutum ya zo kwamfuta ta auna jikinsa baki ɗaya, a miƙa masa takarda mai zane-zane da alƙaluma, daga nan a haɗa masa maganin da aka ce ya dace da sakamakon.

A zahiri wannan ci gaba ne, domin neman sanin ciwo kafin shan magani shi ne abin da likitoci suka daɗe suna kira a kai. Sai dai ba duk abin da aka kira gwaji ne yake auna wani abu ba. Ga ɗan kasuwar da ke sayen rake a Maƙarfi, da malamin makarantar da ke aiki a Hunƙuyi, da manomin tumatir a Ikara, da iyalan da ke ƙauyuka irin su Furana, batun ya wuce asarar 'yan kuɗi. Sakamakon ƙarya yana iya sa mai lafiya ya shafe watanni yana shan abin da ba ya bukata, yana kuma iya kwantar da hankalin mai ciwon ƙoda ko na hanta har sai lokacin ceto ya wuce.

Tambayoyi biyu ne ke gaban jama'a da hukuma. Ta farko, wane gwaji ne yake faɗin gaskiya game da jikin majinyaci? Ta biyu, wa ya gwada maganin da ake ba shi?

Giɓin da ya buɗe kasuwar

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekarar 2021, kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya ƙiyasta cewa kashi 47 cikin 100 na al'ummar duniya ba sa samun gwajin gano cuta, ko kuma abin da suke samu bai taka kara ya karya ba. Rahoton ya nuna cewa matsalar ta fi tsanani a ƙananan asibitocin matakin farko, wato inda talaka ya fi zuwa. Wannan ne ya sa babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman kan ƙarfafa gwaje-gwaje a watan Mayun 2023.

Ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan suna cikin wannan hoto. Akwai manyan asibitocin gwamnati a Ikara da Maƙarfi, akwai asibiti a Hunƙuyi, ga kuma cibiyoyin lafiya na matakin farko da gwamnatin jiha ta ƙudiri inganta ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255 na jihar. Amma da zarar bincike ya yi zurfi, hanya takan miƙe zuwa Zariya, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, wasu ma su zarce Kano. Kowace tafiya tana nufin kuɗin mota, da kuɗin kati, da kuɗin awo, da wuni guda da aka bar gona ko shago, wani lokaci kuma a ce a dawo karɓar sakamako wata rana. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyaci yake fitowa, wannan lissafi ne mai nauyi.

Mai na'ura kuwa shi ke zuwa har kasuwa. Ba layi, ba allura, ba jira. Yana magana da Hausar da majinyaci ke ji, yana ba shi lokacin da ma'aikacin asibiti mai majinyata da yawa ba zai iya ba shi ba, yana kuma amfani da sunayen cututtukan da jama'a suka saba da su: sanyi, basir, dattin ciki, shawara, daji. Duk wanda yake son fahimtar dalilin karɓuwar wannan kasuwa, to ya fara daga nan, kada ya tsaya ga zargin jama'a da jahilci.

Na'urar da ke ganin komai

Mafi shahara cikin waɗannan kayayyaki ita ce na'urar da ake kira kwantum. Ƙaramin akwati ne da ake haɗawa da kwamfuta, sai majinyaci ya riƙe wani ɗan sandan ƙarfe na kimanin minti ɗaya. Kafin nan an riga an shigar da shekarunsa, da jinsinsa, da tsawonsa, da nauyinsa. Cikin ɗan lokaci sai ga rahotanni masu yawa kan zuciya, hanta, ƙoda, ƙashi, sinadaran jini, ƙarfin namiji da lafiyar mahaifa. Masu sayar da ita suna cewa tana karanta igiyar maganaɗisun da ƙwayoyin halittar jiki ke fitarwa.

Babu wata hanyar kimiyya da aka sani da riƙe ƙarfe a tafin hannu zai bayyana yawan sukari a jini ko ƙarfin aikin ƙoda. An kuma gwada wannan iƙirari a aikace. A shekarar 2019, wasu masu bincike biyu a Jamus, Walter Dorsch da Andreas Kolt, sun wallafa sakamakon jarrabawar da suka yi wa na'urori biyu na wannan dangi. Sun haɗa su da mutane masu lafiya, da marasa lafiya, da gawa, da curin dafaffen nama, da jiƙaƙƙen tsumma. Na'urorin sun fitar wa nama da tsumma rahoton lafiya kamar yadda suka fitar wa mutane, sun kuma kasa gano cututtukan da aka tabbatar majinyatan suna da su. A shekarar 2022 wata kotu a garin Reutlingen ta samu shugabannin kamfanin da ke sayar da ɗaya daga cikin irin waɗannan na'urori da laifin zamba.

Ɗan kasuwa zai fi kowa gane ma'anar wannan. Sikelin da ya ce buhun masara kilo 100 ne yanzu, ya ce 70 ne an jima, sannan ya ba da nauyi ko da ba a ɗora masa komai ba, ba sikeli ba ne. Babu wanda zai yarda a auna masa hatsi da shi. Abin mamaki ne a yarda a auna rai da shi.

Ido, gashi, abinci da ɗigon jini

Akwai wasu gwaje-gwajen da suka yi fice a wuraren jinyar da ake kira ta ɗabi'a a Turai da Amurka, waɗanda yanzu suke shigowa biranen Najeriya ta hanyar Facebook da TikTok da WhatsApp. Kowannensu an taɓa ɗora shi a kan ma'auni.

Na farko shi ne duban ƙwayar ido, wanda wani likita ɗan ƙasar Hangari, Ignatz von Peczely, ya yaɗa a ƙarni na 19, bisa cewa kowane sashe na ƙwayar ido madubi ne na wata gaɓa a jiki. A 1979 an ba ƙwararru uku a wannan fanni hotunan idanun mutum 143 a Amurka, 48 daga cikinsu masu ciwon ƙoda. Ba su iya rarrabe masu ciwo da masu lafiya fiye da yadda mai canki-canka zai yi ba. An sake irin wannan jarrabawa a Holan a 1988 da masu ciwon matsarmama, sakamakon bai sauya ba.

Na biyu shi ne awon gashi don gano ƙarancin sinadarai ko tarin guba a jiki. A 1985 wani likita a Amurka, Stephen Barrett, ya aika gashin 'yan mata biyu masu lafiya zuwa ɗakunan gwaji 13 na kasuwanci. Amsoshin sun saɓa wa juna ƙwarai, har ma ɗaki ɗaya yakan ba da amsa biyu ga gashin mutum ɗaya. A 2001 wasu masu bincike sun raba gashin mutum guda zuwa ɗakuna shida, aka sake samun saɓani iri ɗaya. Awon gashi yana da amfani a wasu fannoni ƙalilan, kamar binciken 'yan sanda da gano wasu nau'o'in guba, amma ba ya gaya wa mutum irin bitamin da zai saya.

Na uku shi ne gwajin jini da ake cewa yana nuna abincin da jikin mutum ba ya so, ta hanyar auna wani sinadarin garkuwar jiki mai suna IgG. Ƙungiyar ƙwararrun likitocin borin jini ta Turai ta bayyana tun 2008 cewa samun wannan sinadari alama ce kawai ta cewa mutum ya saba cin wannan abinci, takwarorinta na Amurka da Kanada ma suka bi bayanta. Ke nan Bahaushen da aka yi wa wannan gwaji, ba abin mamaki ba ne a ce masa ya daina cin dawa, masara, wake da gyaɗa, wato dai ya daina cin abin da ya rayu a kansa.

Na huɗu shi ne ɗiga jini a gilashi a nuna wa majinyaci a allon talabijin, ana nuna masa wasu ɗigogi ana cewa dattin jini ne. Duba jini da madubin likita aiki ne na gaske idan an shafa shi, an busar, an rina shi da sinadarin da ya dace, kuma ƙwararre ya karanta. Da haka ake ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Amma ɗanyen jinin da aka bari a gilashi yakan fara dunƙulewa da kansa, kuma wannan dunƙulewa ce ake sayar wa mutane a matsayin cuta.

Wani abu ya haɗa waɗannan hanyoyi duka: da wuya su ce wa mutum lafiyarsa ƙalau, kuma wanda ya yi awon shi ne mai sayar da maganin.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ruɗin gwaji bai tsaya a shagon mai ganye ba. Babban misali shi ne gwajin taifot da aka fi sani da Widal, wanda wani likita ɗan Faransa ya ƙirƙiro tun 1896. Gwajin ba ya neman ƙwayar cutar kanta, yana neman alamar cewa garkuwar jiki ta taɓa haɗuwa da ita ko da danginta. A yankin da ruwan sha ba shi da tsabta, mutane da yawa masu lafiya suna ɗauke da wannan alama tun daga ƙuruciya, kuma zazzaɓin cizon sauro kansa yana iya ɗaga ta. Don gwajin ya yi ma'ana, sai an ɗebi jini sau biyu da tazarar kwana goma zuwa mako biyu an ga alamar ta ninka. Abin da aka saba gani shi ne awo ɗaya, sai a rubuta “maleriya da taifot”, a ɗora mutum a kan allurai da ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta. Ingantacciyar hanya ita ce shuka jinin a ɗakin gwaji a jira ƙwayar cutar ta tsiro, aikin da ke ɗaukar kwanaki kuma yake bukatar wuta da kayan aiki.

Ƙaramin lissafi zai nuna haɗarin. A ɗauka, a matsayin misali kawai, cewa cikin mutum 1,000 da aka auna, goma ne suke da wata cuta, kuma gwajin yana kuskure sau ɗaya cikin goma. Zai kama tara daga cikin masu cutar, amma zai kuma laƙaba ta ga mutum 99 daga cikin 990 masu lafiya. Cikin mutum 108 da aka ce suna da ciwo, tara ne kaɗai suke da shi. Idan haka gwajin da ke daidai sau tara cikin goma yake, ina ga na'urar da ba ta bambanta mutum da tsumma?

Shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba kuma yana koya wa ƙwayoyin cutar bijirewa, ta yadda ranar da aka bukaci maganin da gaske sai a tarar ya daina ci. Majinyacin da ya sha maganin taifot sau uku bai warke ba, shi ne wanda gobe zai miƙa hannunsa ga mai kwamfuta.

Akwai kuma gwaje-gwaje masu sauƙi da suka tabbata. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro sai an tabbatar da shi, kuma ɗan tsinken gwajin gaggawa yana ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20. Wannan yana da muhimmanci ga Najeriya, mai ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya. Awon sukari da safe kafin karin kumallo, da awon hawan jini, da gwajin ciwon hanta nau'in B, da awon sinadarin da ke nuna ƙarfin ƙoda, da gwajin rukunin jini na amosanin jini, duk abubuwa ne da ƙaramin ɗakin gwaji mai rajista zai iya yi. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, cutar da ke iya shekaru ba ta nuna alama ba. Jihar Kano mai maƙwabtaka da wannan yanki ta mayar da gwajin lafiya kafin aure doka a 2024.

Darasin Zamfara

Masu tallar “wanke guba daga jiki” sukan yi magana kamar likitancin zamani bai san guba ba. Abin da ya faru a Zamfara ya nuna yadda ake gano guba ta gaske. A farkon 2010, yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum bayan jijjiga da suma. An yi musu maganin zazzaɓi bai yi aiki ba. Sai da ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta aika jininsu ɗakin gwaji aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake daka wa ana niƙa wa a cikin gidaje. Yawan dalmar da ke jinin yara da dama ya wuce iyakar abin da ƙaramar na'urar awo ke iya karantawa. Yara aƙalla 400 suka rasu. Da adadin da awo ya nuna aka san yaron da za a ba maganin fitar da dalma, da shi aka san ko maganin yana aiki, da awon ƙasa kuma aka san gidajen da za a kwashe wa turɓaya. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a Shikira ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Dalma ba a ma'adinai kaɗai take ba. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu har zuwa tozalin da ake sa masa, wanda awo ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Gwaji na gaskiya yana ambaton sunan gubar, ya faɗi adadinta, kuma wani ɗakin gwajin zai iya sake aunawa ya samu abu ɗaya.

Wa ya gwada maganin?

Ko da ciwo ya tabbata, tambaya ta biyu tana nan. Mutane da yawa suna ɗaukar lambar Hukumar NAFDAC a jikin kwalba a matsayin shaidar cewa maganin yana warkarwa. Ba haka tsarin yake ba. Yawancin magungunan gargajiya suna samun izini ne na wucin gadi na shekara biyu, mai lamba da ke ƙarewa da harafin L, bayan an duba tsabtarsu an kuma gwada ko suna da guba. Dole ne a rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Cikakkiyar rajista tana bukatar gwaji a kan majinyata bisa ƙa'ida, kuma magunguna ƙalilan ne suka kai wannan mataki.

Labarin maganin da aka fi sani da Baban Aisha ya isa ishara. Ya karɓu a tashoshin mota da kasuwannin Arewa a matsayin maganin cututtuka barkatai. A 2023 jaridar Premium Times da cibiyar tantance labarai ta Dubawa suka kai shi ɗakin gwajin jami'a, inda aka ga yana lahanta ƙoda da hanta a jikin dabbobin gwaji. Daga nan NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta rufe wurin da ake haɗa shi, ta kuma ba da umarnin kwashe shi daga kasuwa. Abin lura shi ne 'yan jarida ne suka fara kai shi awo, bayan jama'a sun daɗe suna sha.

Awo ba abokin gābar maganin gargajiya ba ne. A 2020, lokacin annobar korona, Najeriya ta karɓi jiƙon da Madagaska ta ce yana maganin cutar. Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja ta bincike shi, ta gano cewa tushensa ganye ne dangin tazargade, ba ta kuma samu shaidar yana kashe cutar ba. Amma daga wannan ganye ne masaniyar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta fitar da sinadarin da ya zama ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Ganye ɗaya, awo ya tabbatar da shi a kan wata cuta, ya kore shi a kan wata.

Cibiyar NIPRD ɗin ce kuma ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, wanda ya ƙunshi masoro, kanumfari, ganyen dawa da wani itace da Yarabawa ke kira osun, ta bi shi mataki-mataki har ya zama Niprisan, maganin rage yawan tashin amosanin jini, tare da sanya sunan mai haɗin cikin masu haƙƙin mallaka. Wannan ne tafarkin da ke ɗaukaka mai magani na ƙwarai. Ba kuma baƙon tunani ba ne ga masu jingina sana'arsu da likitancin Musulunci: Ibn Sina, a littafinsa Al-Ƙanun da ya kammala wajajen 1025, ya shimfiɗa sharuɗɗa bakwai na gwada magani, cikinsu har da cewa tasirinsa ya riƙa maimaituwa, kuma a gwada shi a jikin ɗan Adam.

Doka tana nan, mai tsaronta ne ya yi nisa

Najeriya ba ta rasa dokoki ba. Doka mai lamba 11 ta 2003 ta kafa majalisar MLSCN, mai alhakin rajistar ɗakunan gwajin lafiya da ma'aikatansu da kayan da suke amfani da su. NAFDAC tana da iko kan magunguna, da na'urorin lafiya, da tallarsu, tana kuma da ɗakin gwaji a Kaduna. Majalisar likitoci ta ƙasa tana da hurumin kula da masu wasu hanyoyin jinya da aka shigo da su daga waje. An fitar da manufar ƙasa kan maganin gargajiya a 2007, aka kafa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a 2018, kuma an shafe shekaru ana kai ƙudirin kafa majalisar masu wannan sana'a gaban Majalisar Tarayya.

Matsalar ita ce mai kwamfuta a kasuwar ƙauye yana faɗawa tsakanin waɗannan hukumomi. Ba ya ɗibar jini, don haka zai ce shi ba ɗakin gwaji ba ne. Ba ya kiran kansa likita a takarda. Abin da yake sayarwa kuma yana iya ɗauke da lamba. Ofisoshin hukumomin suna manyan birane, shi kuwa gobe yana wata kasuwar. Waɗanda suke kusa da shi su ne sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da sarkin kasuwa, da hakimi da dagaci, da shugabannin ƙungiyar masu maganin gargajiya. Matuƙar ba a ba waɗannan bayani da hurumi ba, dokar za ta ci gaba da zama a Abuja.

Abin da yankin ke da shi a hannu

Wuraren da suka kai wannan yanki kusanci da cibiyoyin ilimin lafiya a Arewa ba su da yawa. A Maƙarfi akwai kwalejin kimiyyar lafiya mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wadda ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiya, har da na ɗakin gwaji. A Zariya akwai Tsangayar Harhaɗa Magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello mai sashen nazarin magungunan itatuwa, da cibiyar NARICT a Basawa da ke iya auna ƙarafa masu guba a cikin gari ko jiƙo, da cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye. Na'urar GeneXpert tana gano tarin fuka daga majina cikin kimanin awa biyu, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Duk da haka akwai masu tari na watanni da ake ta ba su maganin sanyi.

Abin da ya rage shi ne haɗa waɗannan da kasuwa. Gwamnatin jiha za ta iya tabbatar da cewa cibiyar lafiya ta kowace mazaɓa tana da gwaje-gwajen farko da ke cikin jerin muhimman gwaje-gwaje, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitarwa a 2018 kuma Najeriya ta yi nata, tare da ma'aikaci da wutar sola. Za a iya tsara ɗaukar samfurin jini da majina a babur daga ƙauyuka zuwa Ikara, Maƙarfi ko Zariya, a mayar da sakamako ta waya, maimakon a ɗauki majinyaci. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KADCHMA, za ta iya bayyana wa ma'aikata da 'yan kasuwa gwaje-gwajen da rajistarsu ta ƙunsa, domin da yawa suna biyan mai na'ura kuɗin abin da suke da haƙƙin samu a asibiti.

Masu maganin gargajiya ma suna da rawar takawa, kuma ribarsu ce. Maɗori na ƙwarai ya daɗe da sanin amfanin hoton ƙashi kafin ɗori. Haka ya kamata mai maganin suga ko na hanta ya tura majinyaci awo kafin ya fara ba shi, ya sake tura shi bayan wata uku, ya ajiye sakamakon a littafi. Idan maganin yana aiki, alƙaluma za su yi masa shaidar da lasifika ba za ta yi masa ba, kuma da wannan littafi zai iya tunkarar jami'a ko NIPRD. Idan kuma yana taɓa ƙoda, za a gani da wuri. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: kada a ce wa mai ciwon suga, hawan jini, tarin fuka ko cuta mai karya garkuwar jiki ya ajiye maganin asibiti saboda wata takarda da kwamfuta ta fitar.

Shi kuwa mai zuwa awo, tambayoyi huɗu sun ishe shi kariya. Me aka ɗiba daga jikina, jini, fitsari, majina ko bayan gida? Wurin nan da mai awon suna da rajista, kuma ina takardar? Idan na kai wannan sakamako babban asibiti, likita zai yi aiki da shi? Sannan wanda ya auna ni, shi ne zai sayar mini da maganin? Wanda ya fusata da waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa.

Jama'ar Ikara, Maƙarfi da Kudan sun nuna cewa suna son a auna su kafin a ba su magani, har suna biyan kuɗi a kan haka. Wannan buƙata ce da hukumomin lafiya suka shafe shekaru suna ƙoƙarin dasawa. Idan ɗakin gwaji na gaskiya bai iso mazaɓa ba, akwatin kwantum zai ci gaba da isowa kasuwa, kuma asibitin Shika ne zai ci gaba da karɓar waɗanda suka zo a makare.